Ɗalibin Lauya da Dogon Hutu: Ba Dole Sai An Je Akra Ba

Da zarar damina ta kankama, dogon hutun jami'a ya matso, sai wata magana ta fara yawo a Tamale, daga Hausa Zango har Sabonjida, a bakin ɗalibai masu karatun lauya da iyayensu. Wai duk wanda ya je sanin makamar aiki a ofishin gwamnati ya yi asarar hutunsa, kuma babu babban ofishin lauyoyi da zai kalle shi in ya gama karatu. Wai ofishin gwamnati na waɗanda ba su da uwa a gindin murhu ne. Na gaji da jin wannan zance, domin har ya kai uba yana cin bashi ko ya sayar da masarar da ya ajiye, don ya tura yaro Akra, tafiyar sama da kilomita 600, ya je ya raɓe a ɗakin wani ɗan uwa a Nima ko Madina.

Abin da ake nufi dai 'yan makonnin nan ne da ɗalibi ke yi a hannun lauya lokacin hutu. Daban yake da wata shidan da sabon lauya ke yi a ƙarƙashin tsohon hannu bayan an rantsar da shi.

Abu na farko da masu yaɗa maganar ba sa faɗa shi ne, ko a Akra ko a Tamale, ɗalibi ba zai buɗe baki gaban alƙali ba. Dokar aikin lauya ta 1960 ta hana wanda ba a rantsar da shi ba yin aikin lauya. Ashe ke nan abin dubawa shi ne wane fayil za a bari ya taɓa, kuma wa zai zauna ya duba abin da ya rubuta.

A manyan ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu na Akra, aikin bankuna ne da kamfanonin ma'adinai da na mai. Ba na raina su: wanda burinsa dokar kamfanoni ce zai koyi tsara yarjejeniya da kiyaye lokaci. Amma ɗalibai sukan yi yawa, sirrin masu hulɗa da ofishin yana da tsanani, kuma sau da yawa sabon zuwa a gindin injin kwafar takardu yake ƙarewa. Sunan ofishin zai hau takardarsa, wannan gaskiya ne. To, ranar da za a zaunar da shi a tambaye shi me ya yi a can, me zai ce?

Yanzu dubi ofishin Antoni-Janar da ke nan Tamale. Sashe na 88 na tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa Antoni-Janar alhakin gurfanar da masu laifi da kuma tsaya wa gwamnati a shari'a. Saboda haka 'yan sanda can suke aika fayilolin manyan laifuka, irin su kisa da fashi da fyaɗe, don a ba su shawara. Fayiloli sun yi wa lauyoyin gwamnati yawa, shi ya sa ɗalibi mai himma yakan samu a miƙa masa fayil sukutum: bayanin wanda ake zargi, na shaidu, rahoton likita. A nan zai ga da idonsa abin da ke faruwa da ƙa'idar nan ta awa 48 da tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu, ya kuma gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shirin Justice for All a 2007 don waɗanda suka daɗe a kurkuku ba a yanke musu hukunci ba.

Hukumar taimaka wa marasa hali da lauya kuwa, wadda dokar 2018 ta kafa, ita na fi so ɗalibanmu su leƙa. Matar da miji ya bari da yara ba ci ba sha, marayun da baffa ya cinye wa gida, mutumin da aka sayar wa fili a Sagnarigu sai ga wani da tasa takardar, duk can suke zuwa. A aji an karanta dokar rabon gado ta 1985, an kuma karanta tsohuwar dokar auren Musulmi da ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda. Nawa ne cikin iyayenmu suka yi wannan rajistar? Sai ɗalibi ya zauna gaban bazawarar da aka ɗaura mata aure a masallaci shekara 20 da suka wuce, ba ta da ko ƙyallen takarda, sannan zai san nauyin abin da ya haddace. Kuma yaron da ke jin Dagbanci da Hausa ba ya buƙatar tafinta, wannan kaɗai ya sa ana nemansa. Haka ma hukumar CHRAJ, da aka kafa a 1993, inda koke-koken take haƙƙi ke zuwa, har da na tsofaffin matan da ake yi wa ƙazafin maita.

Ofishin gwamnati ma yana da nasa matsalolin: kuɗi ba a cika ba da su ba, ɗage shari'a ya yi yawa, wani jami'in kuma ba ruwansa da kai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu neman a sa musu hannu a takarda ba tare da sun taka ofishin ba. Yaro ya kwashe hutu yana kallon ƙwallo, sannan a nemi wani lauyan da aka sani ya buga hatimi. Subhanallahi! Wanda ya fara aikin shari'a da takardar ƙarya, wa zai ba shi amanar gadon marayu?

Don haka, ɗalibi, kafin ka zaɓa ka tambayi sunan lauyan da zai riƙe ka, ka kuma nemi waɗanda suka yi bara a wurin su gaya maka gaskiya. Ka kai takardar neman gurbi da wuri, tun kafin jarrabawa, da hannunka. Ka zauna ka lissafa kuɗin mota da ɗaki da abinci in Akra ko Kumasi za ka. In lissafin zai jefa gidanku cikin bashi, ka haƙura. Kada ka manta da ƙananan ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu na cikin Tamale, inda lauya ɗaya ke riƙe da rikicin fili da neman beli da takardar haya duk a yini guda, kuma tun da aka yi dokar filaye ta 2020 akwai sabon abin koyo. Idan kana da hutu biyu a gaba, ka raba: bana gwamnati, baɗi masu zaman kansu. Duk inda ka je, ka riga alƙali shiga kotu, ka riƙe littafin rubutu, ka girmama rajistara da akawun kotu, don su suka san inda kowace takarda take bi. Ka roƙi a ba ka abu ka rubuta, ko da za a cika shi da jan biro. Fayil kuma amana ne. Kada ka kuskura ka ɗauki hotonsa ka sa a WhatsApp, kada ka kai labarinsa majalisar shayi. Ke ma ɗaliba, duk wannan da ke nake.

Ku kuma iyaye, don Allah in yaro ya ce a Tamale zai yi, kada ku ɗauka ya gaza. Ku riƙa tambayarsa kowace Juma'a wace kotu ya shiga, me aka ba shi ya rubuta.