Ƙulu a Goshin Yaro: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Da zarar yaro ya faɗo daga gado goshinsa ya yi ƙulu, sai shawarwari su yi ta fitowa daga kowane ɗaki. Wasu na da tushe, wasu kuwa cutarwa suke yi.

Wadda ta fi damuna ita ce auna haɗari da girman ƙulu. Fatar kai cike take da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ɗan bugu kan tayar da kumburi mai ban tsoro alhali ƙwaƙwalwa lafiya lau. Yaron da jini ke taruwa cikin ƙoƙon kansa kuwa, wani lokaci ba a ganin komai daga waje. Don haka yaron za a zuba wa ido: yana wasa? Yana gane mahaifiyarsa? Tafiyarsa da maganarsa ba su sauya ba?

Murza ƙulu da ƙarfi don ya kwanta, ko gasa shi da ruwan zafi, ƙara kumburin yake yi. Ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta ta isa, kamar minti 10 zuwa 20.

Batun hana shi barci ma ba shi da tushe. Yaron da ya sha kuka dole ya gaji, kuma barcin ba ya ƙara masa rauni. Abin dubawa shi ne in an taɓa shi ya farka kamar yadda ya saba.

Masu tsoron amai suna da gaskiyarsu. Amai sau ɗaya bayan kuka kan faru, amma in ya yi ta maimaituwa, ko ciwon kai na ƙaruwa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka in ya suma, ko ya kama jijjiga, ko jini ko ruwa garai-garai na fita ta kunne ko hanci, ko maɗigar jariri ta kumbura. Jariri, da wanda ya faɗo daga babur ko katanga, a kai su ko da sun yi shiru, domin alamun kan iya jinkirta har awa 24 zuwa 48.

Ciwon kai mara tsanani, farasitamol daidai da nauyin yaron ya wadatar. Asfirin kam a bar shi a kemis: yana ƙara zubar jini, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita.