Rigar ƙwallo da ta ƙalubalanci dokar mafaka a Ireland

A duniyar ƙwallon ƙafa, babu fili mai tsada a jikin ɗan wasa kamar ƙirjin rigarsa. Nan ne bankuna da kamfanonin jiragen sama da na caca ke zuba maƙudan kuɗi domin a liƙa sunansu. A farkon shekarar 2020, ƙungiyar Bohemian da ke Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ireland, ta fitar da rigar da za ta riƙa sawa a wasannin waje, amma babu sunan kamfani a ƙirjinta. Abin da aka sa a wurin shi ne inuwar uba da uwa da ɗa suna gudu, da rubutun Turanci mai ma'anar "maraba da 'yan gudun hijira".

Kamfanin Des Kelly, wanda ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, shi ya haƙura da gurbinsa, aka kuma yi aikin tare da reshen Amnesty International na ƙasar. Bohemian tsohuwar ƙungiya ce, tun 1890 aka kafa ta, kuma mallakar magoya bayanta ce, don haka babu wani attajiri a gefe da zai ce a cire rubutun kada kasuwa ta lalace. Rigar ta karɓu a ciki da wajen ƙasar, har ta shiga wasan kwamfuta na FIFA 21.

Abin da ya bambanta wannan riga da sauran masu ɗauke da kalaman fatan alheri shi ne tana da takamaiman abin da take yaƙa: tsarin da gwamnatin Ireland ke ajiye masu neman mafaka a ƙarƙashinsa, wanda ake kira Direct Provision. An ɓullo da shi a shekarar 2000 a matsayin matakin wucin gadi, bisa tunanin mutum ba zai wuce wata shida ba kafin a yanke hukunci a kan takardunsa. Ana tsugunar da mutane a tsofaffin otal-otal da gidajen kwana, galibi a hannun 'yan kwangila masu zaman kansu, a ba su abinci da ɗan kuɗin kashewa. Daga 2000 zuwa 2017, Yuro 19.10 babban mutum ke karɓa a mako. Sai a 2019 kuɗin ya kai Yuro 38.80.

An ce baƙo raɓa ne, amma wasu baƙin sun shekara da shekaru a waɗannan gidaje, an haifi yara sun girma a ɗaki guda da iyayensu. Haka kuma doka ta hana su aiki baki ɗaya, har sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2017 cewa haramcin ya saɓa wa tsarin mulki. Wanda ya shigar da ƙarar ɗan ƙasar Myanmar ne da ya shafe kimanin shekara 8 a cikin tsarin. Lamarin ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin 'yan ƙasar nan sun daɗe suna sahun gaba a yawan masu neman mafaka a Ireland.

Bohemian ba ta tsaya a rubutu ba. Tana aiki da ƙungiyar masu neman mafaka ta MASI, wadda mazauna gidajen suka kafa da kansu. A 2022 ta fitar da wata rigar mai hoton mawaƙin Jamaika Bob Marley, wanda ya yi wasa a filinta na Dalymount Park a watan Yulin 1980, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 na ribar domin sayen kayan kiɗa da na wasanni ga mazauna gidajen mafaka.

A Jamus ma an taɓa gwada bambancin magana da aiki. A watan Satumban 2015, lokacin da dubban 'yan Siriya ke kwarara cikin ƙasar, jaridar Bild ta shirya gangamin da ƙungiyoyin rukuni na ɗaya da na biyu za su liƙa tambarin maraba da 'yan gudun hijira a hannun rigunansu na mako guda. Ƙungiyar St. Pauli ta birnin Hamburg, wadda ta yi fice wajen kare baƙi, ta ƙi shiga, wasu ƙungiyoyin kuma suka bi sahunta. Hujjarta ita ce ta daɗe tana wannan aiki a aikace. Kwanaki kaɗan kafin nan ta gayyaci 'yan gudun hijira kusan 1,000 kallon wasan sada zumuntarta da Borussia Dortmund. Tun 2013 kuma magoya bayanta suke tallafa wa 'yan Afirka ta Yamma kimanin 300 da yaƙin Libiya ya kora zuwa Italiya, daga can suka iso Hamburg, har wani coci a unguwar ya ba wasunsu wurin kwana. Daga cikin wannan gwagwarmaya aka kafa ƙungiyar ƙwallo ta FC Lampedusa.

A kudancin Sifaniya kuwa, baƙin ne da kansu suka yi magana. Alma de África ƙaramar ƙungiya ce a garin Jerez, 'yan wasanta galibi baƙin haure ne daga ƙasashe daban-daban. A wasansu na ƙarshen kaka a watan Mayun 2019, kowane ɗan wasa ya cire sunansa daga bayan riga, ya sa zagin da ake jifansa da shi a fili: biri, bawa, marar takarda. Duk wanda ya saba furta waɗannan kalmomi daga cikin taro, ranar sai da ya karanta su da idonsa.

Manyan ƙungiyoyi sun fi taka tsantsan. Daga kakar 2022, Barcelona ta sa tambarin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, a bayan rigarta, tare da alƙawarin ba da Yuro 400,000 duk shekara. Amma doka ta 4 a dokokin ƙwallon ƙafa ta hana sa taken siyasa ko na addini a kayan wasa, kuma hukumomi ne ke fassara abin da ya zama siyasa. A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, inda batun haƙƙin ma'aikata baƙi ya mamaye muhawara, FIFA ta hana Denmark yin atisaye da riga mai kiran a kare haƙƙin ɗan Adam ga kowa.

To, me rigar Dublin ta cim ma? A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Ireland ta fitar da farar takarda, ta yi alƙawarin kawo ƙarshen Direct Provision kafin 2024 ta ƙare. Wannan nasara ta masu neman mafakar ce da lauyoyi da ƙungiyoyin da suka yi shekaru suna matsa lamba. Gudummawar rigar ita ce kai batun gaban matasan da ba sa karanta rahoton kwamiti. Sai dai wa'adin ya wuce ba a cika alƙawarin ba, bayan ƙarancin gidaje da isowar dubban 'yan Ukraine sun dagula lissafi. A ranar 23 ga Nuwamban 2023 kuma, masu ƙyamar baƙi suka yi tarzoma a tsakiyar Dublin bayan wani hari da wuƙa a kusa da wata makaranta, aka ƙona motocin bas, aka wawashe shaguna.

Duk da haka, koriyar rigar ƙasar tana ba da nata labarin. Chiedozie Ogbene, wanda aka haifa a Legas a 1997 kuma ya girma a Cork, shi ne haifaffen Afirka na farko da ya buga wa babbar tawagar Ireland wasa, a Yunin 2021. Adam Idah da Gavin Bazunu da Andrew Omobamidele duk suna da tushe a Nijeriya.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji masu iya magana, amma wanda ya kwana shekara 8 yana jiran hukunci yana buƙatar duka biyun. Riga ta shimfiɗa fuskar. Tabarmar kuwa, wato izinin aiki da muhalli da amsar takarda a kan lokaci, tana kan teburin ma'aikatan gwamnati.