Hoton Igiyar Ruwa na Hokusai

Katsushika Hokusai (1760-1849) mai zane ne na ƙasar Japan. Wajen 1831 aka buga shahararren hotonsa na igiyar ruwa a tekun Kanagawa. Aikin na hannu da yawa ne: shi ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen bisa alluna, kowane launi da allonsa, sa'an nan mai bugu ya shafa launi ya danna takarda.

Abin lura a nan, Dutsen Fuji ya ƙanƙance can nesa, igiya kuwa ta taso za ta haɗiye jirage uku na jigilar kifi, matuƙa sun sunkuya ba su saki jiragensu ba. Manomin Dayi da hadari ya riska a gona zai gane manufar: neman abinci ba ya jiran tsoro ya gushe.