Raunin ido a lokacin kaka: Yadda ake auna shirin ma'aikatan lafiya a karkarar Kano

Da zarar an fara yankan gero da dawa a yankunan Bichi, Dambatta, Makoda da Kunchi, sai raunin ido ya yawaita. Ganyen kara na yankar baƙin ido, ƙaiƙayi na faɗawa ido wajen sussuka da shiƙa, maganin feshi kuma na fantsama a fuska. Wanda manomi ke fara tararwa a ɗakin shan magani galibi ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, kuma abin da ya yi a 'yan mintunan farko kan yanke hukuncin ko idon zai tsira.

Wani nazari da aka yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1998 ya ƙiyasta cewa ana samun raunin ido kusan miliyan 55 duk shekara, kuma mutum miliyan 1.6 sun makance ta dalilinsa. A Najeriya, binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na makanta abu ne da za a iya kauce masa.

Masana kan auna shirin ma'aikaci ta fuska uku. Ta farko ita ce sani. Idan maganin feshi, siminti ko ruwan batir ya shiga ido, ya san cewa wanke shi da ruwa mai tsabta na minti 20 zuwa 30 ne a gaba da komai, har da rubuta kati? Idan tsinke ya huda ƙwayar ido, ya san ba a cire shi, ba a danna idon, sai dai a kife masa wani abu mai tauri kamar gindin kofi a tura asibiti nan take? Ya san cewa ɗigon ido mai sitiroyid na ƙara rura gyambon da kara ya haifar, musamman idan ƙwayoyin fumfuna sun shiga, har ya ƙare da hakiya?

Ta biyu ita ce aiki. Amsa a takarda ba ta isa ba, domin mutum na iya jin ya ƙware alhali hannunsa bai saba ba. Don haka akan sa shi ya gwada ƙarfin ganin mara lafiya da allon harafin E, ya juya fatar ido ta sama ya nemo abin da ya maƙale, ana kallonsa.

Ta uku ita ce kayan aiki da hanyar turawa: tocila, ruwan wanke ido, man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta, da sanin inda za a nufa. Ƙwararrun likitocin ido sun fi taruwa a birnin Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala, Asibitin Ido na ECWA da na Makkah. Kowace rana ta jinkiri na ba maganin gargajiya ko ɗigon kemis damar lalata idon.

Awon nan shi ke nuna wa hukuma inda horo ya gaza da inda kaya suka ƙare. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka kira daga gida aka ce abu ya shiga idon ɗan'uwansa a gona, abin da zai fara faɗa shi ne kada a murza, kada a ɗiga komai, a wanke idan magani ne, a kama hanyar asibiti a ranar.