KOFATON ICCE DA ƘYASTU: TSOHUWAR DABARAR HURA WUTA A DAJI

A ƙasar Hawandawaki, kudu da Tasawa, dab da iyakar Nijeriya, akwai manomin da gonarsa take nesa da gari. Idan damana ta yi tsakiya, cikin watan Agusta, yakan yi sammako ya tafi noma, hadari ya taso, ruwa ya tsare shi cikin bukkar gona har dare. Ya jiƙe sharkaf, sanyi ya kama shi, sauro ya taso masa. Ya laluba aljihu ya ciro kwalin alimeti, sai ya tarar ya sha ruwa, kowane tsinke ya ƙyasta sai kan ya marmashe. Birike kuwa, ran da gas ɗinsa ya ƙare ya zama tarkace. A irin wannan dare ne ake tunawa da ƴar jakar fatar nan da kakanni suke ratayawa, wadda a cikinta akwai ƙyastu, da ƙanƙara, da ɗan abin kama wuta.

Ƙyastu aikin maƙeri ne, ƙanƙara kuma dutse ce da ake tsinta ko a saya a kasuwa. Abu na ukun shi ne asirin aikin, kuma saninsa ne ya fi saurin ɓacewa, domin a hannun tsofaffi yake, ba a rubuce ba.

YADDA ƘYASTU KE BA DA WUTA

Alimeti, wanda wasu ke kira ashana, bai daɗe a duniya ba. Wani mai haɗa magunguna na ƙasar Ingila, John Walker, shi ya fara sayar da irin wanda ake gogawa ya kama, cikin shekara ta 1827. Irin na yanzu, wanda ba ya kamawa sai a jikin kwalinsa, an ƙago shi a ƙasar Suwidin cikin 1844. Birike na roba mai sunan Bic bai shiga kasuwa ba sai 1973. Kafin wannan duka, daga ƙasar Hausa har ƙasashen Turai, da ƙarfe da dutse ake tayar da wuta, sauran jama'a kuma su ɗebo garwashi a tsingaro daga gidan maƙwabta.

Mutane da yawa suna zaton dutsen ne ke fitar da wuta, alhali kuwa ƙarfen ne ke ƙonewa. Ƙanƙara ta fi ƙarfe tauri. Idan aka buga, kaifinta yana kankare ɗan mitsitsin ƙarfe, zafin bugun ya sa shi ya yi ja, ya ci wuta cikin iska. Shi ne tartsatsin da ake gani. Saboda haka ba kowane ƙarfe ke yin ƙyastu ba, sai mai tauri, irin na tsohon magagari, wanda maƙeri ya gasa ya tsoma a ruwa da zafinsa.

Amma tartsatsi ba ya wuce ƙiftawar ido. In ya faɗa bisa ƙirare ko busasshiyar ciyawa, mutuwa yake yi. Sai ya sami abu mai laushi, busasshe ƙayau, mai zare-zare da iska ke ratsawa, sa'an nan ya zauna ya zama garwashi.

AMADU WANDA BA MUTUM BA NE

Ma'aikacin da ya buɗe ƙamus na Faransanci zai tarar da kalmar amadou, ya yi zaton sunan Amadu ne ya shiga littafin Nasara. Babu dangantaka tsakaninsu. Masana harshe sun ce kalmar ta fito daga wani yare na kudancin Faransa, inda take nufin mai soyayya, wai saboda saurin kamuwarsa. Amadou shi ne abin kama wuta da Turawa suka yi ƙarnuka suna ƙyasta wa ƙyastu, kuma daga jikin wani tsiro ake fitar da shi.

Tsiron dangin laimar kwaɗi ne da naman kaza, sai dai shi a jikin icce yake fitowa, ba shi da kara, ya manne kamar an kafa shi. Siffarsa sak kofaton doki, abin da mutumin Hawandawaki ba ya bukatar a kwatanta masa, don haka ana iya kiransa kofaton icce. Masana tsirrai suna ce masa Fomes fomentarius, kuma fomes a harshen Latin abin kama wuta ke nan. Ya fi fitowa a kan itatuwan ƙasashen sanyi waɗanda Faransawa ke kira hêtre da bouleau. Yana shekaru a wuri guda, kowace shekara yana ƙara faɗi, har babba ya kai santimetir 40.

Daɗewar amfani da shi ta fito fili ran 19 ga Satumba 1991, lokacin da wasu matafiya biyu Jamusawa suka tarar da gawar wani mutum bisa duwatsun Alpes, kan iyakar Italiya da Otirish, a tsawon metir 3.210. Sanyin wurin ya daskarar da ita, ba ta ruɓe ba. Bincike ya nuna mutumin ya rayu shekaru wajen 5.300 da suka wuce, aka sa masa suna Ötzi, gawar kuma tana ajiye a gidan tarihi na birnin Bolzano. Cikin ƴar jakar da ke ɗaure a ƙugunsa an sami kofaton icce da aka gyara, da burbushin wani dutse mai ba da tartsatsi, domin a zamaninsa ba a san baƙin ƙarfe ba. An kuma sami wani ɗan akwati na ɓawon icce wanda yake ɗaukar garwashi a ciki, nannaɗe cikin ɗanyen ganye. Wato shi ma ya san ɗibar wuta.

Bayan hura wuta, likitocin Faransa na ƙarni na 18 da na 19 sun yi ta ɗora amadu bisa rauni don tsayar da jini. Wannan ya wuce. Mai rauni yau asibiti ya kamata ya nufa. A garin Korund na ƙasar Rumaniya kuma akwai ƴan iyalai da ke yin huluna da jakunkuna da shi, saboda in ya gyaru kamar jemammiyar fata yake.

YADDA AKE GYARA SHI

Kofaton icce yadda ya fito daga daji ba ya kama tartsatsi. Sai an yi masa aiki hawa-hawa.

Na farko, cira. Ana ɓamɓaro shi daga mataccen icce ko kututture, a fara aiki tun yana ɗanye, domin in ya bushe taurinsa ya kusa na katako, wuƙa ba ta shigarsa sai da wahala.

Na biyu, fira. In aka raba shi biyu za a ga kashi uku. A bisa akwai ɓawo mai tauri, launin toka. A ƙasa akwai wasu ƙananan ramuka jere, kamar saƙar zuma amma sun fi ta ƙanƙanta ƙwarai. Tsakaninsu akwai nama mai laushi, launin ƙasa-ƙasa, wanda sau da yawa kaurinsa bai wuce na yatsa ba. Shi kaɗai ake bukata. Sai a fere ɓawon a hankali, a yanke ramukan a zubar.

Na uku, jiƙo. Ana yanka naman falle-falle, a zuba cikin ruwan toka, irin wanda mata ke tacewa don miya, a bar shi kwanaki, ko kuwa a tafasa shi a ciki kamar awa ɗaya ko fiye. Ruwan toka yana sassauta zaren, ya kuma bar masa wani gishiri mai taimakon kamun wuta. Masu sana'ar a Turai sukan yi amfani da gishirin da ake haɗa albarushi da shi, wanda Faransawa ke kira salpêtre, amma toka ta isa.

Na huɗu, bugu. Tun yana da damshi ake shimfiɗa shi bisa sumul ɗin icce, a riƙa bugunsa da ƴar taɓarya sannu-sannu, kamar yadda masu bugu ke yi wa tufa bayan ta fito marina, ana yi ana ja da yatsu. Ɗan yanki sai ya baje ya ninka faɗinsa. Mai gaggawa yaga shi yake yi.

Na biyar, shanya. A inuwa ake shanya shi, ana murzawa da hannu lokaci-lokaci don kada ya ƙandare. In ya bushe sarai sai a sa shi cikin jakar fata ko gwangwani mai murfi, inda damshi ba ya kai gare shi.

Ran da bukata ta zo, sai a yago kamar faɗin farce, a kankare fuskarsa da wuƙa har ta yi gashi-gashi, a ɗora shi bisa ƙanƙara kusa da kaifi, a danne da babban yatsa, a buga ƙyastu. Da tartsatsi ya zauna za a ga ɗan jan ɗigo yana faɗi, hayaƙi siriri na tashi. Amadu ba ya yin harshen wuta, ci yake yi a hankali kamar turaren wuta. Sai a sa shi tsakiyar dunƙulen busasshiyar ciyawa, a hura a hankali har ta kama, sa'an nan a kawo ƙirare.

ABIN DA KE AKWAI A TASAWA DA MAYAHI

Ainihin wannan iri na ƙasashen sanyi ne, kada mai karatu ya sa ran samunsa a gonakin Tasawa ko Mayahi. Amma danginsa suna fitowa a ƙasashe masu zafi, musamman waɗanda masana ke kira Ganoderma. Wajen ƙarshen damana akan gan su a gindin tsofaffin itatuwa da bisa kututture, wasu ja-ja masu sheƙi, wasu fari-fari. Akasarinsu in sun bushe suna riƙe garwashi na dogon lokaci, amma ba duka ke kama tartsatsi ba. Gwaji ne ke raba gardama: a raba shi, a duba ko akwai nama mai zare a tsakiya, a yi masa aikin da aka bayyana a bisa, a ƙyasta a gani. Na hura wuta ne kawai, kada kowa ya kai shi baki.

Wanda ya ƙi kamawa ma yana da magani, wato babbaka. Ana zuba yankakken naman cikin gwangwani, a rufe, a huda ɗan rami a murfin, a ɗora bisa garwashi. Hayaƙi zai yi ta fita ta ramin. In ya tsaya sai a sauke, a toshe ramin, kada a buɗe sai ya huce. Abin da ke ciki ya zama baƙi kamar gawayi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Haka ake yi wa tsumman kaɗa, muddin na kaɗa ne tsantsa, domin yadin roba narkewa yake yi.

Ban da wannan, karkarar Hausa ba ta rasa abin kama wuta: kaɗa, da audugar tumfafiya, da ta rimi, da totuwar kara, da ruɓaɓɓen icce wanda ya bushe har yana marmashewa, da busasshen kashin jaki mai riƙe wuta ana tafiya da ita. Kowane da yadda ake gyara shi, kuma tsofaffin mahalba da makiyaya da maƙera su ne malaman wannan fanni.

SHARAƊI BIYU

Sharaɗi na farko, kada a sari icce saboda kofatonsa. Jahar Maraɗi ta san abin da rashin itatuwa ke jawowa, tun farin 1973 da na 1984. Cikin 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, cikin watan Mayu na 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A wannan jaha ce, daga 1983, aka soma sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon kututture a gonarsa ya riƙa gyara shi har ya zama icce. Binciken da aka buga cikin 2009 ya ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kamar miliyan 200 sun tashi bisa hekta miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram. Gawon da ke tsaye a gona ya fi kowane abin kama wuta daraja. Kofato a jikin rayayyen icce alama ce ta ruɓa a cikinsa. In za a cire, a ɓamɓare shi kawai ba tare da an sassaƙe ɓawon iccen ba, in kuma abin ya yawaita a sanar da ma'aikatan gandun daji.

Sharaɗi na biyu, a kashe wuta. Halin da ya sa amadu ke da amfani shi ne ya sa yake da haɗari: iska ba ta kashe shi, ƙara rura shi take yi, kuma yana iya ci a ɓoye awoyi ba a gani ba. Ɗan guntun da aka yar a gefen gona bayan kaka, lokacin da dammunan hatsi ke jibge, harawa na bisa rumfuna, iskar hunturu na kaɗawa, ya isa ya cinye wahalar shekara ta unguwa guda. Can arewa kuma, wajen makiyaya, gobarar daji ciyawar rani take cinyewa, dabbobi su rasa abin ci. Dokar gandun daji ta ran 8 ga Yuni 2004 ta tanadi horo ga mai tayar da gobara. Saboda haka, wanda ya gama da garwashinsa sai ya rufe shi cikin gwangwani, ko ya zuba masa ruwa, ko ya binne shi cikin rairayi ya taka. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

AIKI GA MASU KARATU

Ba wanda ke cewa a jefar da alimeti a koma ƙyastu. Amma ƙyastu ɗaya yana kai wa mutum tsawon ransa har ɗansa ya gada, ba ya ƙarewa kamar gas, in ya jiƙe kuma gogewa kawai yake bukata. Manomi da makiyayi da matafiyi, in suka haɗa shi da alimeti cikin jaka, ba su yi asara ba.

Waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci a Hawandawaki da Korgom da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi suna da abin da kakanninsu ba su samu ba, wato alƙalami. Ya kamata kowane ya zauna da tsohon gidansu ko maƙerin garinsu, ya tambaye shi sunan da ake kiran wannan tsiro a yankinsu, da iccen da ya fi fitowa a kai, da abin da aka fi ƙyasta wa wuta a da, da yadda ake gyara shi, ya rubuta cikin littafinsa da Hausa. Malaman lakwal su ma suna iya gayyatar maƙeri ya nuna wa yara aikin a fili, ga bokitin ruwa a gefe. Da tsohuwar zuma ake magani, in an adana ta.

Allah ya kiyaye gonaki da rumbuna daga gobara, amin.