In Ruwan Sama Ya Shiga Injin Mota

'Yan'uwa manoma, a Yuli da Agusta hanyoyin da ke tsakanin Balan da Gaya da Ajingi sukan cika da kududdufai, ga shi kuwa a lokacin ne akori-kurar ƙungiya take jigilar taki. In mota ta mutu a cikin ruwa, muna roƙon direba kada ya sake murza makulli. Mu ma kada mu taru mu tura ta da giya don ta tashi, yadda muka saba.

Ga dalili. Aikin fistin shi ne matse iska da mai a cikin silinda. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In fistin ya taso ya tarar da ruwa, sai sandarsa ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta huda injin. Wannan gyara yana iya cinye kuɗin gyaɗar ƙungiya na shekara guda.

Sai mu ja motar zuwa kan tudu, mu buɗe iyakilina. In mun same ta a jiƙe, ruwa ya shiga. A kwance filogi duka, sa'an nan a juya injin, ruwan zai tsarto ta ramukansu. Injin gas kuwa, a bar wa makaniki ya kwance nozul.

Mu duba baƙin mai. In ya koma kamar shayi da madara, a juye shi, a canja filta, kafin a tada mota.

Tarakta mai salansa a tsaye, in za ta kwana a waje, mu kifa gwangwani a bakin salansar.