Kututturen da Bai Mutu Ba: Kiristocin Yamai da Maganar Farkawa

Ranar Asabar 17 ga Janairun 2015 hayaƙi ya turnuƙe Yamai. Tarzomar da zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ya haddasa ta faro ne a Damagaram ranar Juma'a, washegari ta iso babban birni. Ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai, kuma mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu. A makonnin da suka biyo baya an yi ta sujada a ƙarƙashin rumfuna da tsakanin bangayen da suka yi baƙi ƙirin, shugabannin ikkilisiyoyi kuma suka fito fili suka ce sun yafe. Waɗanda suka ga lokacin ba sa tuna shi a matsayin lokacin sanyin bangaskiya. Hawaye ya zuba, amma addu'a na da zafi.

Yau an sake gina akasarin majami'un, wasu har sun fi na da kyau, da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Sai ga wani kuka daban yana fitowa daga ciki, a hankali, ba a bisa bagade ba. Mutum ya ce maka, "Na yi sanyi." Yana zuwa sujada kowace Lahadi, yana ba da baiko da zakka, ya haddace rabin Littafin Waƙoƙi, amma in ya durƙusa shi kaɗai sai ya ji kamar addu'arsa ba ta wuce rufin kwano. Fastoci sun san ciwon, shi ya sa sura ta 37 ta littafin Ezekiyel, mai labarin kwarin busassun ƙasusuwa, ba ta hutawa a hannunsu. Mutumin Sahel ba sai an yi masa dogon sharhi a kan bushewa ba.

Kiristocin Nijar ƴan ƙalilan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mishan ɗin SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Fada François Faroud ya kafa mishan ɗin Katolika a Yamai a 1931, kuma sai a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa, Laurent Lompo, babban bishop na birnin. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, majami'un Fentikos suka yi ta shigowa daga Nijeriya da Benin da sauran maƙwabta. Don haka mai shiga majami'a a unguwar Boukoki ko Harobanda zai tarar da Bahaushen Maraɗi da Bagurme da ɗan Togo a benci ɗaya.

A ganina ƙarancin ba shi ne ya kawo bushewar ba. Abu na farko gado ne. Kakannin da aka riƙa kira ƴan mishan sun biya bangaskiyarsu da tsada: wani dangi sun juya masa baya, wani an hana shi mata. Jikan kuwa a cikinta ya buɗe ido, kamar yadda ya tarar da sunan gidansu, kuma abin da mutum bai sha wuyarsa ba yakan riƙe shi sakwa-sakwa. Sai kuma tabon rabuwa. Ikkilisiyar EERN, wadda ta fito daga aikin SIM a daidai lokacin samun ƴancin kai, ta dare gida uku tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 a kan rikicin shugabanci. Waɗanda aka yi wa baftisma a ruwa ɗaya suka koma gaisuwar nesa. Irin wannan rauni yakan warke a takarda tun kafin ya warke a zuci. Ga kuma zaman birni: kuɗin haya, kuɗin lakwal, wayar da ke cinye daren da ake karatun Littafi Mai Tsarki a da.

Maganin da aka fi sani shi ne taron farkawa. A buga takardun talla, a gayyato mai wa'azi daga waje, a tayar da janareta, lasifika ta yi dare uku tana amo. Ba na raina wannan. Akwai mutanen da a irin daren nan suka bar giya ko suka koma ga iyalinsu. Amma duk dattijon ikkilisiya mai faɗin gaskiya zai gaya maka yadda benci ke komawa yadda yake bayan wata guda.

Nan ne wani labari na ƙasar Maraɗi yake faɗo mini a rai. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da ya zo Nijar ƙarƙashin SIM, ya yi ta rarraba dashen itatuwa a ƙauyuka, akasarinsu kuma mutuwa suke yi, ko rana ta ƙona su ko awaki su cinye. Wata rana a 1983 ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce: itace ne da aka sare, kututturen na raye, saiwoyinsa na can ƙasa inda danshi yake. Abin da ake bukata kawai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. An ƙiyasta ta maido da itatuwa wajen miliyan 200, irin su gawo da kalgo da sabara, a kan kadada miliyan biyar.

Farkawar da ta daɗe a tarihin Afirka ta fi kama da sassabin nan fiye da dashe. Wadda ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu zuwa Uganda da Kenya, ba da baƙon mai wa'azi ta fara ba. Ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, waɗanda tuni Kiristoci ne, su suka riƙa haɗuwa ƴan kaɗan-kaɗan suna furta laifinsu a gaban juna, wanda ya ɗauki kayan wani ya mayar. Kusa da gida kuma akwai Sabon Rai Don Kowa, wanda aka kafa a arewacin Nijeriya a 1963. Ƙarfinsa ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne a gidaje, da talakawan masu bi da aka koyar su ɗauki aikin da a da ake bar wa fasto.

Kututture mafi rai a Yamai, in aka tambaye ni, Zumuntar Mata ce. Su ke fara isa gidan haihuwa da gidan makoki, su ke sanin wanda ya kwana da yunwa, kuma waƙarsu da Hausa take fita, da ganga da tulu, ba da Faransancin da rabin jama'a ke ji sama-sama ba. Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba: Kiristan Yamai kiran sallar asuba ne ke tashinsa kullum. Maƙwabcinsa na fita masallaci cikin sanyin hunturu, shi kuwa yana juyi a shimfiɗa. Na san waɗanda suka daina jin kiran a matsayin takura, suka mai da shi agogon addu'arsu.

Sassabe dai da wuƙa ake yinsa, kuma nan wuyar take. Ikkilisiyar da ke da kwamiti goma sha da taro kowane dare sai ta yarda ta datse wasu. Dattawa biyu da suka shekara ashirin ba sa cin tuwo tare sai ɗaya ya taka zuwa ƙofar ɗaya. Ƙawancen ikkilisiyoyi na AMEEN na iya zaunar da shugabanni a teburi guda, amma ba ya iya yi wa kowa tuba.

Gwajin ma ya riga ya iso ƙofa. Tun da aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a Satumban 2018, wanda sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali, ƙauyukan Gurmawa na yankin Makalondi ba su sake samun kwanciyar hankali ba. Iyalai da dama sun baro gonakinsu, wasu sun tsaya Torodi, wasu sun ƙaraso Yamai. Ranar Lahadi sukan zauna a bencin baya, da yaransu, cikin tufafin da suka gudo da su, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa tambayar unguwar da suke kwana.